Waƙoƙi 22 da suka tsare fim ɗin Charles Burnett shekara 30

A ranar 30 ga Maris, 2007, wani gidan sinima a birnin New York ya fara haska wani fim mai suna Killer of Sheep, wato mai yanka tumaki. Ranar ce aka fara sayar da tikitinsa a kasuwa yadda ake yi wa kowane sabon fim. Amma fa fim ɗin ba sabo ba ne. An ɗauki mafi yawansa a 1972 da 1973, an kammala shi a 1977, kuma tun 1990 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi rajistar finafinan da ƙasar ke adanawa saboda darajarsu, yana cikin 50 na farko da aka zaɓa. Mai fim ɗin, Charles Burnett, bai cika shekara 30 ba lokacin da ya fara ɗauka. Ranar da aikinsa ya shiga kasuwa yana da 62.

Ba gwamnati ce ta hana shi fita ba, ba kuma masu sharhi ne suka kushe shi ba; su kam tun farko yabo suke yi. Waƙoƙin da ke cikinsa ne suka ɗaure shi. Lamarin ya cancanci a zauna a bi shi daki-daki, domin yana nuna inda mai shirya fim mai zaman kansa ya fi cin wuya, kuma ba a nan yawancin mutane ke zaton gizo yana saƙa ba. Kowa hankalinsa yana kan kuɗin ɗauka. Burnett ya haye wannan kogin da ƙasa da dala 10,000. A tudu ya maƙale.

Daga Watts zuwa makarantar fim

An haife shi a Vicksburg ta jihar Mississippi a 1944. Yana ɗan shekara uku iyalinsa suka bi sahun dubban baƙar fatar Kudu da ke ƙaura zuwa Kalifoniya neman aiki, suka sauka a Watts, kudancin Los Angeles. Unguwar ce wadda a watan Agustan 1965 ta yi kwana shida tana ci da wuta bayan rikici ya ɓarke tsakanin 'yan sanda da mazauna, aka rasa rai 34. Burnett yana da shekara 21 a lokacin. Karatun lantarki ya fara yi a wata kwalejin birnin, da niyyar samun sana'ar da za ta riƙe shi, sai sha'awar rubutu ta karkatar da shi, ya ƙare a sashen fim na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA.

A can ya haɗu da wasu ɗalibai baƙar fata da suka zama tamkar 'yan gida ɗaya: Haile Gerima ɗan Habasha, Larry Clark, Billy Woodberry, sai Julie Dash da ta zo daga baya. Masanin fim Clyde Taylor ne ya laƙaba musu sunan da ya bi su, L.A. Rebellion, 'yan tawayen Los Angeles. Abin da suka yi wa tawaye a fili yake. A farkon shekarun 1970 Hollywood ta gano akwai kuɗi a aljihun baƙar fata, ta shiga zubo finafinan da jarumansu 'yan daba ne, kawalai da dillalan ƙwaya. Burnett kuma yana da wani ƙorafin na daban a kan finafinan 'yan uwansa ɗalibai masu ra'ayin sauyi, inda ma'aikata ke shan wahala, su haɗa kai, su yi yajin aiki, su yi nasara, a tashi. Mutanen da ya sani a unguwarsu ba haka rayuwarsu take ba. Su burinsu su wayi gari da aikin a hannu, su kai ƙarshen wata.

'Yan wannan rukuni aikin gayya suke yi. Yau kai ne darakta, gobe kai ne mai riƙe da kyamara a fim ɗin abokinka. Burnett yana cikin waɗanda suka ɗauki fim ɗin Gerima, Bush Mama, shi ne kuma ya rubuta ya ɗauki na Woodberry, Bless Their Little Hearts. Babban jarinsu dai jami'ar ce. Kyamara, fitilu, na'urar ɗaukar sauti da ɗakin tacewa duk a hannunka suke muddin sunanka yana rajistar ɗalibai. Saboda haka duk wanda ya ji an ce an yi fim da ƙasa da dala 10,000, ya sani ba a sa kuɗin hayar kaya a lissafin ba, ba a sa ladan gumin kowa ba. Abin da ke cin kuɗin shi ne ɗanyen fim da wankinsa. Ba zamanin dijital ba ne da mutum zai maimaita fitowa sau 20 ya goge. Gwangwani ɗaya na fim mai faɗin milimita 16 da tsawon ƙafa 400 minti 11 kacal yake ɗauka, kuma ko kuskure aka yi, sai an biya kuɗin wanki kafin a gani.

Burnett ya daɗe a makarantar fiye da ƙima. Wani ɓangare na jinkirin ma abin dariya ne da tausayi: mutumin da ya so ya sa a fim ɗin yana gidan yari, shi kuma ya zauna jiran a sako shi. Da jami'a ta gaji ta matsa masa ya gama, sai ya ɗauka da waɗanda ke akwai. A ƙarshen mako ake fita aiki, domin kowa yana da abin yi a ranakun aiki. Yawancin 'yan wasan makwabta ne da abokai da yaran unguwa, har ma yakan damƙa wa yaran na'urar sauti su riƙe, don su ga cewa yin fim ba tsafi ba ne.

Abin da ke cikin gwangwanin

Fim ɗin baƙi-da-fari ne, kimanin minti 80. Babu wani ƙulli da ake jiran a warware. Stan, wanda Henry G. Sanders ya fito a matsayinsa, yana aiki a mayanka. Yana rataye tumaki, yana wanke jini daga daɓe, ya dawo gida ba ya iya barci. Matarsa, wadda Kaycee Moore ta fito a matsayinta, tana ta kwalliya da neman fuskarsa, shi kuma jikinsa ne kawai a gidan. A waje yara suna jifan juna da duwatsu a kango, suna tsalle daga rufin wani bene zuwa wani, kyamara tana kallonsu daga ƙasa, mai kallo yana riƙe da numfashi.

Akwai wata fitowa da ba a mantawa da ita. Stan da abokinsa sun sayi tsohon injin mota a wani gidan sama. Su biyu suka ciccibo shi, suna nishi, mataki-mataki har ƙasa, suka ɗora a bakin bayan a-kori-kura. Ba su tura shi ciki sosai ba, ga motar kuma a kan gangare take. Ana tayar da ita ta zabura, injin ya sulluɓo ya daki kwalta ya fashe. Babu wanda ya yi kururuwa. Suka dube shi, suka bar shi a nan. 'Yan kuɗin da aka tara da guntun burin da aka ɗora a kai sun tafi cikin daƙiƙa biyu, kuma gobe da asuba akwai aiki.

Fitowar da ta fi shafar zancenmu ita ce ta rawa. Stan babu riga, matarsa a jikinsa, suna juyawa a hankali a gaban taga cikin ɗaki mai duhu, muryar Dinah Washington tana rera This Bitter Earth. Kyamara ba ta motsa ba, ba a yanka ba. Matar tana shafa bayansa, tana ƙara matsowa. Shi hannuwansa kamar na aro. Waƙar na ƙarewa ya zare jikinsa ya fita, ya bar ta tsaye. A cire waƙar nan a gani me ya rage: mutum biyu suna jujjuyawa cikin duhu. Waƙar ce ke faɗin abin da bakinsu ya kasa.

Haka fim ɗin yake daga farko har ƙarshe. Burnett ya jera Paul Robeson, Louis Armstrong, Elmore James, Little Walter, ƙungiyar Earth, Wind & Fire da sauransu, da niyyar kunnen mai kallo ya bi tarihin kiɗan baƙar fatar Amurka yayin da idonsa ke kan Watts. Waƙa 22. Bai nemi izinin ko ɗaya ba.

Kowace waƙa iyayen gida biyu gare ta

A dokar Amurka, waƙar da aka naɗa a faifai dukiya biyu ce. Akwai ita kanta waƙar, baitocinta da karinta, wadda galibi tana hannun kamfanin da ke kula da haƙƙin marubucin. Akwai kuma muryar da aka naɗa, wato ainihin abin da wance ta rera a rana kaza a ɗakin ɗauka, wanda yake hannun kamfanin faifai. Mai fim sai ya sami lasisi daga kowane ɓangare. In ɗaya ya yarda ɗaya ya ƙi, an yi ba a yi ba ke nan. Don haka waƙa 22 tana iya zama ƙofa kusan ninki biyu da za a ƙwanƙwasa.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin, doka ba ta yanke farashin sa waƙa a fim ba. Mawaƙin da ke son sake rera waƙar wani a faifansa yana da hanyar da doka ta shimfiɗa masa, da kuɗin da ta ƙayyade. Mai fim ba shi da wannan gatan. Mai haƙƙi yana iya faɗin duk abin da ya ga dama, yana iya cewa a'a ba tare da ya ba da dalili ba, yana iya ƙin amsa wasiƙa ma. Kuma al'ada ce a wannan ciniki kowa ya gindaya sharaɗin kada a biya wani fiye da shi, ta yadda mutum ɗaya in ya tsauwala, sai farashin sauran ya bi shi sama. Lasisin ma kala-kala ne: na bikin baje kolin finafinai daban, na sinima daban, na talabijin da faifan bidiyo daban, kowanne da iyakar ƙasa da adadin shekaru.

Sannan haƙƙi ba ya zama wuri ɗaya. Kamfanin Mercury da ya naɗi muryar Dinah Washington ya shige cikin PolyGram, PolyGram kuma ya shige cikin Universal a ƙarshen shekarun 1990. Wanda da za a iya lallashinsa a waya ya zama sashen lauyoyi a wani dogon bene, inda ƙaramin fim baƙi-da-fari ba ya gaban kowa.

Mai karatu zai iya cewa, to a fitar mana, in sun ga dama su kai ƙara. Ba ta yiwuwa. Kamfanin rarraba finafinai da gidan talabijin ba sa karɓar fim sai da takardun da ke nuna asalin mallakar duk abin da ke cikinsa, da inshorar da za ta tsaya musu in wani ya taso da ƙara. Kamfanin inshora kuwa ba ya sa hannu sai ya ga lasisi. Fim ɗin da ba shi da takardu yana iya zagaya ajujuwa da gidajen tarihi da bukukuwa, inda ba kasafai ake bin sawu ba. Bakin kasuwa ne ba zai taka ba.

Haka kuwa aka yi. An nuna shi a gidan adana zane-zane na Whitney a New York a 1978. A 1981 ya ci kyautar ƙungiyar masu sharhi ta duniya a bikin finafinai na Berlin. Daga nan ya zama fim ɗin da ake jin labarinsa fiye da yadda ake ganinsa: 'yan kwafi masu milimita 16 suna yawo daga jami'a zuwa jami'a, suna ƙara karcewa, sautin yana ƙara dusashewa. Malamai suna koyar da shi, ɗalibai suna rubuta kundi a kansa, mutanen Watts da aka ɗauka a ciki ba su da inda za su je su saya.

Sakaci ne?

Abu mai sauƙi ne a ce Burnett ya yi ganganci. Ni ban ga haka ba, ko da yake ba zan wanke shi tas ba.

Kundin kammala digiri na biyu ya yi, bai kuma ɓoye cewa bai taɓa kawo wa ransa sinima ba. A 1977 wa zai yi masa dariya a kan haka? Babu kasuwar da za ta karɓi fim ɗin ɗalibi, baƙi-da-fari, babu tauraro, babu harbi. Bikin finafinai na jihar Utah da daga baya ya zama Sundance sai a 1978 aka fara shi, kuma sai tsakiyar shekarun 1980 ya koma hannun cibiyar Robert Redford. Kaset ɗin bidiyo na VHS a shekarar 1977 ɗin ya shigo Amurka. Kasuwar finafinai masu zaman kansu ta buɗe ne bayan nan. A 1986 Spike Lee ya yi fim ɗinsa na farko da dala 175,000, ya kawo sama da miliyan 7. A 1989 Steven Soderbergh ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Cannes da nasa na farko. Lokacin da aka buɗe ƙofar, Burnett yana tsaye a bakinta da kayan da ba shi da ikon sayarwa.

A ɗauka ma ya nemi izinin tun farko. Da 'yan kuɗin da ke hannunsa, amsa biyu ce: ko a ƙi, ko a faɗi abin da ba zai iya ba. Da sai ya cire waƙoƙin ya sa wani abokinsa ya kaɗa masa abin da ya samu. Da fim ɗin ya sami takardu, da kuma babu rawar nan ta gaban taga. Kuskuren da kyawun a tukunya ɗaya aka dafa su, shi ya sa nake ganin kalmar sakaci ba ta dace ba. Bashi ya ci bai san ya ci ba, ruwa kuma ya yi ta hawa.

Inda ba zan kare shi ba shi ne, ba shi kaɗai ya biya ba. Kaycee Moore ta yi wasan da ya isa ya buɗe mata ƙofofi, amma masu ba da aiki ba su gani ba. Har ta rasu a 2021 finafinan da ta fito ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Shi kansa Burnett ya rasa abin da ya fi kowace lambar yabo amfani a wannan sana'a, wato alƙaluman ciniki. Mai zuba jari ba ya tambayar me aka ce a Berlin. Tambayarsa ita ce, na baya nawa ya kawo?

Sauran ƙofofin

Da a ce matsalar waƙa ce kaɗai, da sai a ce tsautsayi ne na sau ɗaya. Abin da ya biyo baya ya nuna hanyar kasuwa shingayenta da yawa.

Fim ɗinsa na biyu, My Brother's Wedding, na 1983, da tallafin gidauniyar Guggenheim da kuɗin gidan talabijin na ZDF na Jamus aka yi shi. Labarin wani saurayi ne da ke aiki a shagon wankin kaya na iyayensa, wanda ɗaurin auren ɗan'uwansa da jana'izar amininsa suka faɗo rana ɗaya. Aikin ya ja lokaci, masu kuɗi suka ƙosa. Burnett ya aika musu da abin da ya haɗa na wucin gadi, mai minti 115, bai gama tacewa ba. Shi aka kai wani biki a New York. Sharhin da ya biyo baya ba yabo ba fallasa, dillalai suka ja da baya, fim ɗin ya kwanta. Wannan karon ba haƙƙin wani ya taka ba. Ikon cewa "ban gama ba" ne ba ya hannunsa. Sai a 2007 ya samu ya tace shi yadda yake so, ya dawo da shi minti 81. Sama da rabin awa ke nan na abin da shi da kansa bai so a gani ba, kuma a kansa aka yanke masa hukunci.

A 1988 gidauniyar MacArthur ta ba shi tallafinta da ake ba wa masu baiwa ba tare da sharaɗi ba, ya ɗan sami sararin numfashi. Danny Glover, wanda tauraronsa ke haskawa a lokacin, ya yarda ya fito a To Sleep with Anger, sunansa kuma ya jawo kuɗi, kimanin dala miliyan 1.4. Glover ya fito a matsayin Harry, tsohon aboki daga Kudu da ya sauka a gidan wasu mutanen kirki a Los Angeles, da murmushi da ladabi da camfe-camfensa, gidan kuma ya fara rikicewa a hankali. Fim ɗin ya ci kyauta ta musamman a Sundance a 1990, ya kwashi kyaututtukan Independent Spirit huɗu, ƙungiyar masu sharhi ta ƙasa ta ba shi kyautar rubutu. A sinima kuwa bai mayar da kuɗinsa ba. An sake shi a 'yan gidajen kallo kaɗan, da talla 'yar ƙanƙanuwa, kuma Burnett ya yi ƙorafin cewa ba a kai shi gaban iyalan baƙar fata da labarin ya shafa ba.

The Glass Shield na 1994, labarin ɗan sanda baƙar fata na farko a wani ofishin da wariya ta yi wa katutu, ya faɗa hannun kamfanin rarraba finafinai na Miramax. Aka tallata shi da fuskar mawaƙi Ice Cube, alhali ba shi ne jarumin ba. Masu neman harbe-harbe suka shiga suka fito da takaici, masu neman irin aikin Burnett kuma hoton tallan ya kore su.

Daga nan talabijin ce ta riƙe shi. Ya yi wa tashar Disney Nightjohn a 1996, labarin bawan da ke koya wa bayi karatu a ɓoye. Ya yi aiki da kamfanin Oprah Winfrey, ya yi kashi ɗaya a jerin shirye-shiryen Martin Scorsese kan kiɗan blues a 2003, ya je Namibiya ya yi fim kan gwagwarmayar Sam Nujoma da kuɗin gwamnatin ƙasar. Wasu cikin waɗannan ayyuka masu kyau ne ƙwarai, wasu kuwa aikin neman abinci ne, ba kuma abin kunya ba ne. Sai dai in aka jera waɗanda suka ɗauki nauyinsa, jami'a, talabijin ɗin Jamus, gidauniyoyi biyu, tauraro ɗaya, Disney, gwamnatin wata ƙasa, sai mutum ya fara tambayar kansa me ake nufi da "mai zaman kansa". Abin da Burnett ya mallaka shi ne idonsa da abin da ya ƙi yi. Sauran duk na aro ne.

Yadda aka kwance ƙullin

Matakin farko adanawa ne. Fim mai milimita 16 ba ya jiran kowa. Yana ruɓewa ko an kalle shi ko ba a kalla ba. Ma'adanar fim da talabijin ta UCLA ta ɗauki aikin, ƙwararren mai gyara Ross Lipman ya farfaɗo da hoton da sautin, aka mayar da shi milimita 35 da gidajen sinima ke amfani da shi. An gama wannan a wajen shekarar 2000. Fim ya yi kyau, amma har yanzu ba shi da takardu.

Sai Milestone Films ya shigo, ƙaramin kamfani na mata da miji, Amy Heller da Dennis Doros, da suka kafa a 1990 don tono finafinan da aka manta. Shekara shida suka yi suna bin masu haƙƙi ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka biya a ƙarshe ya kai dala 150,000, ninki 15 na kuɗin da aka yi fim ɗin da shi. Ko an yi la'akari da faɗuwar darajar dala tsakanin shekarun 1970 da 2007, kuɗin waƙoƙin ya ninka na fim ɗin sau uku da ɗoriya. Kamfani irin wannan ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan kaya shi kaɗai. Cikin waɗanda suka sa hannu a aljihu akwai Steven Soderbergh, mutumin da kasuwar da ta zo wa Burnett a makare ta yi wa rana.

Duk da haka waƙa ɗaya ta gagara. A asalin fim ɗin, muryar Dinah Washington ce ke rufe shi da Unforgettable yayin da Stan ke kora tumaki zuwa wuƙa. Ba a daidaita da masu ita ba, dole a fitowar 2007 aka maimaita This Bitter Earth a gurbinta.

Da ya fita, ya kawo sama da dala 400,000 a sinimomin Amurka. A ma'aunin Hollywood wannan ba ya sayen abincin ma'aikata. A ma'aunin fim ɗin ɗalibi mai shekara 30 babban abu ne. Ƙungiyar masu sharhi ta New York ta ba shi kyauta ta musamman a wannan shekarar. A watan Nuwamban 2017 aka ba Burnett Oscar ta girmamawa, shekarar da To Sleep with Anger ma ya shiga rajistar ƙasa. A ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta gudanar tsakanin masu sharhi a 2022, Killer of Sheep ya fito cikin finafinai 50 mafiya daraja a tarihi.

Akwai dai sauran guda a kwance. A 1999 Burnett ya yi The Annihilation of Fish, fim ɗin barkwanci da soyayyar tsufa. James Earl Jones ya fito a matsayin wani dattijo ɗan Jamaika da ke kokawa da wani aljani da shi kaɗai ke ganinsa, Lynn Redgrave kuma matar da ta yi imani tana soyayya da mawaƙin Italiya Puccini wanda ya daɗe da mutuwa, Margot Kidder ce mai gidan hayar da suka haɗu. An nuna shi a bikin Toronto, mujallar Variety ta yi masa sharhi mai zafi, maganar rarrabawa ta wargaje, haƙƙin mallakarsa kuma ya cukurkuɗe a hannuwa daban-daban. Doros ya sake ɗaura ɗamara, ya shafe shekaru yana warwarewa. An gyara fim ɗin, Milestone da kamfanin Kino Lorber suka sake shi a sinima a watan Fabrairun 2025.

Lynn Redgrave ta rasu a 2010, Margot Kidder a 2018. James Earl Jones ya rasu a watan Satumban 2024, saura wata biyar a fara sayar da tikiti. Ranar da fim ɗin ya fita, Burnett yana da shekara 80.